Yaya ake gane lafiyar yankin tekun da aka killace?

Tambaya: Malam, na ji an ce ƙasashen duniya sun amince su killace kashi 30 cikin 100 na teku kafin shekarar 2030. Tunda abin da ake karewa yana ƙarƙashin ruwa, ta yaya ake sanin ko killacewar tana da amfani?

Amsa: Haka ne, an cimma wannan matsaya a birnin Montreal na ƙasar Kanada a watan Disamban 2022. Sai dai shata iyaka a kan taswira abu ne mai sauƙi, kuma akwai yankuna da dama da killacewarsu ba ta wuce takarda ba, shi ya sa masana ba sa yarda da sanarwa sai sun auna.

Tushen aikin shi ne kwatantawa. Ana auna cikin yankin da aka hana su, wato kamun kifi, a auna wani wuri makamancinsa da ake kamun kifi a cikinsa, sannan a maimaita awon shekara bayan shekara, domin idan kifi ya ƙaru a wuraren biyu a lokaci guda, to yanayi ne ya yi kyau, ba hanin ne ya jawo ba. Masu nutso suna shimfiɗa igiyar awo a ƙasan ruwa, su bi ta suna rubuta irin kifin da suka gani da tsawonsa, daga tsawon kuma a lissafa nauyi. A inda zurfi ya yi yawa, sai a saukar da kyamara da abincin da zai jawo kifi a gabanta.

A ganina nauyin ya fi adadi faɗin gaskiya. Ƙananan kifaye kan yi yawa ko a wurin da aka cinye, amma manya masu farautar 'yan uwansu, irin su shak, su ne farkon ɓacewa idan masunta suka matsa, kuma su ne suke jinkirin dawowa. Cabo Pulmo, wani yankin teku da ke ƙasar Meziko, misali ne sananne. An killace shi a 1995, mazauna wurin da kansu suka tsaya kan hana kamun kifi, kuma da aka kwatanta awon 1999 da na 2009 sai aka tarar jimillar nauyin kifin ta ƙaru da fiye da kashi 460 cikin 100.

Amma kifi ba shi kaɗai ne ma'auni ba. A babban jerin duwatsun murjani (ƙananan halittun teku masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa) na Ostireliya, inda aka faɗaɗa wuraren hana su zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a 2004, kwale-kwale yakan ja mai ninƙaya na minti biyu-biyu yana kiyasta yawan murjanin da ke raye. Duk da wannan tsaro, murjanin ya koɗe sosai a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da kuma 2024, saboda ɗumin ruwa yana sa shi ya fitar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi. Don haka ake bibiyar zafin saman teku ta tauraron ɗan Adam, a aika masu dubawa da zarar ya zarce ƙa'ida na makonni.

Saura kuma sa ido a kan mutane. Manyan jiragen kamun kifi suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke, kuma ƙungiyar Global Fishing Watch tana nuna zirga-zirgarsu kyauta a intanet, sai dai ɓarawon kifi yana iya kashe na'urarsa, ƙananan jirage kuwa yawanci ba su da ita. Wannan ya sa har yanzu sai an haɗa da sintiri a kan ruwa, kamar yadda ake yi a Banc d'Arguin, wani killataccen yanki a gaɓar tekun Moritaniya, inda masunta 'yan ƙabilar Imraguen ne kaɗai aka yarda su yi su, su ma da jiragen ruwa masu tafiya da iska, marasa inji.