Hukuncin Daskarar Da Gawa Da Fatan Farfaɗo Da Ita Nan Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai yawan karanta ƙagaggun labaran kimiyya ne, kuma na lura wasu abubuwan da a da ake ɗauka tatsuniya yanzu sun tabbata. Cikin abin da ake cewa zai iya yiwuwa nan da shekara ɗari akwai daskarar da mutum a ajiye shi har a samo maganin cutarsa a farfaɗo da shi, da sanya 'yan sama jannati dogon barci a tafiyar duniyar Mars, da kwafe tunanin mutum a zuba a kwamfuta. Shin ya halatta Musulmi ya yi wasiyya a daskarar da shi? Wanda aka farfaɗo da shi, ina matsayin aurensa da dukiyarsa da sallolinsa? Ko kuwa tambayar ma shiga sharo ba shanu ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarka. Gaskiya ne magabata da yawa sun ƙi jinin a riƙa ƙago mas'alolin da ba su auku ba, har an ruwaito cewa da Asad bin Furat ya yawaita wa Imamu Malik tambayar "idan kaza ya faru fa?", sai Malik ya ce masa in irin wannan yake so to ya nufi Iraki. Amma abin da suka ƙi shi ne tambayar neman ƙure da nuna gwaninta. A Sahihu Muslim, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin cewa a zamanin Dujal za a yi yini guda mai tsawon shekara, nan take sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a cikinsa, ya ce a'a, su ƙaddara masa lokutansa, bai kuwa tsawata musu ba. Balle ma kashin farko na tambayarka ya riga ya auku, akwai gawawwakin da ke kwance cikin tankuna a yau.

Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka sai mu fara duba abin da ake yi. Mutum na farko da aka daskarar da wannan niyya shi ne James Bedford, a Amurka, a watan Janairun 1967, kuma gawarsa tana ajiye har yanzu a cibiyar Alcor da ke jihar Arizona. Cibiyoyin da ke wannan aiki ba sa taɓa mutum sai likita ya tabbatar da mutuwarsa a hukumance. Daga nan sai a tsoma gawar cikin ƙanƙara, a tsiyaye jininta, a ɗura mata sinadarin hana ruwan jiki zama ƙanƙara mai yayyaga ƙwayoyin halitta, sannan a sanyaya ta a hankali har zuwa digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a zura ta cikin tankin ƙarfe mai ruwan naitirojin, kai a ƙasa ƙafafu a sama, domin ko ruwan ya ragu kai ya zama na ƙarshen fitowa. Wasu ma kan kaɗai ake yankewa a ajiye, bisa zaton za a gina masa sabon jiki wata rana. Sinadarin kansa yana da guba ga jiki, tsananin sanyin kuma yana tsattsaga gaɓoɓin ciki, kuma daga 1967 zuwa yau ba a farfaɗo da mutum ko ɗaya ba.

Hukuncin yin wannan ga gawar Musulmi haramun ne, yin wasiyya da shi ma haramun ne. Wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙin mamaci ne, kuma farilla ce ta kifaya a kan rayayyu. Allah ya lissafa binnewa cikin ni'imominsa ga ɗan Adam inda ya ce a Suratu Abasa: "Sannan ya kashe shi, sai ya sanya shi a kabari." Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umurnin gaggauta jana'iza, ajiye gawa shekaru barkatai ba tare da ranar binnewa ba kuwa soke farillar ce gaba ɗaya, ya wuce a kira shi jinkiri. Sai hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito: "Karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai." Wanda ya san wannan hadisi, ya kuma ji ana yanke kan mamaci a adana, ba ya buƙatar dogon bayani. Malamai sun yi rangwame a kan feɗe gawa don binciken musabbabin mutuwa ko cire wata gaɓa don ceton mai rai, saboda a nan akwai maslaha tabbatacciya da ta rinjayi ɓarnar. A mas'alarmu kuwa ɓarnar ce tabbatacciya, maslahar kuma zato ce da ko gwaji ɗaya bai gaskata ba, shari'a kuma ba ta barin yaƙini saboda zato.

Akwai hujjar da masu wannan aiki suke kawowa, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba tare da an saurare ta ba. Suna cewa iyakar da likitoci ke kira mutuwa tana matsawa da ci gaban ilimi, domin shekara ɗari da suka wuce, wanda zuciyarsa ta tsaya sai dai a haƙa kabari, yau kuwa ana danna ƙirjinsa a jona masa na'ura ya tashi. A 1999 wata likita ta faɗa cikin ruwan ƙanƙara a ƙasar Nowe, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya, amma aka ɗumama jininta da na'ura ta farfaɗo ta koma bakin aiki. Fiƙihu bai jahilci wannan ba. Shehu Halilu a Mukhtasar, da ya ambaci gaggauta shirya mamaci, sai ya togace wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi kuma suka riskar da makamantansa, kamar wanda tsawa ta faɗa wa ko gini ya rufta masa, cewa a jinkirta har a tabbatar ya mutu. Sai dai wannan jinkiri ne na ɗan lokaci don kawar da shakka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce ana hukunta mutuwa idan zuciya da numfashi suka tsaya tsayawar da likitoci suka tabbatar ba komowa, ko ayyukan ƙwaƙwalwa duka suka lalace lalacewar ƙarshe. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a Makka ta fi tsanantawa a 1987, ta ce ko an cire na'urori ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya cak. A kan kowanne daga ma'aunan biyu, wanda aka tsiyaye jininsa aka daskare shi shekaru mamaci ne. In kuwa wani ya dage cewa da sauran ransa lokacin da aka fara aikin, to ya jawo wa kansa abin da ya fi muni, domin ya zama an ɗura wa mai rai guba ke nan.

Ta fuskar aƙida, wanda ya ƙudurce cewa ɗan Adam zai iya dawo da ruhin da Allah ya riga ya karɓa ya yi karo da nassi ƙarara. A Suratul Mu'uminun, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, sai aka ce masa a'a, "kuma a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su." A Suratuz Zumar kuma Allah ya ce yana karɓar rayuka lokacin mutuwarsu da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai ya riƙe wanda ya hukunta wa mutuwa ya saki ɗayan zuwa ajali ambatacce. Wannan aya ita ce mabuɗin mas'alar duka. Ba na so Musulmi ya jingina imaninsa da gazawar ɗakin gwaji, har ranar da aka ji an farfaɗo da wani daga sanyi ya rikice. Idan hakan ta taɓa faruwa, abin da zai nuna shi ne mutumin yana cikin waɗanda aka saki, bai mutu ba tun farko, kamar As'habul Kahfi da Alƙur'ani ya kira su masu barci duk da shekara 309 da suka yi. Ba na kuma gaggawar kafirta wanda tsoron mutuwa ya ruɗe shi ya sa hannu a irin wannan takarda yana ɗaukarta magani. A yi masa bayani, ya tuba, ya janye.

Yarjejeniyar kanta ɓatacciya ce, domin biyan dukiya ne a kan abin da mai sayarwa ba shi da ikon miƙawa, ga shi ta dogara da cewa kamfanin zai rayu ƙarni guda yana ƙara ruwan naitirojin ba fashi, alhali a 1979 an gano wasu gawawwaki a Kalifoniya sun narke sun ruɓe bayan masu ajiyarsu sun gaza. Wasiyya da saɓo ba a zartar da ita ko da ba ta kai sulusin dukiyar mamaci ba. Magada su yi wa mamacinsu sutura, matarsa ta shiga takaba daga ranar mutuwa, a raba gado, babu laifin saɓa wasiyya a kansu.

Kada a fahimci cewa sanyin ne haramun. Likitocin zuciya suna sanyaya mara lafiya zuwa wajen digiri 18, su tsayar da gudanar jininsa na wasu mintuna su gyara babbar jijiya, sannan su ɗumama shi, wannan magani ne halal. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun daskarar da ƙodar ɓera har kwana 100, suka narkar da ita suka dasa ta yi aiki, kuma in wannan ya kai ga gaɓoɓin mutane alheri ne babba ga masu jiran dashe. Haka ajiye gawa a firijin asibiti na ɗan lokaci don bincike ko jiran waliyyi, buƙata ce da ake ƙaddara ta gwargwadonta. Hadisin Usama bin Sharik ya yi umurni da neman magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, in ban da guda ɗaya, tsufa.

Dogon barcin mai rai shi ne wurin da na fi ganin alamar yiwuwa, tunda Allah ya halicci dabbobin da ke kwashe watannin hunturu a haka. Idan likitoci amintattu suka tabbatar galibi ana tashi lafiya, kuma akwai lalura ta magani, ya halatta da izinin mai shi. Hukuncinsa na rayayye ne ta kowace fuska: aurensa yana nan, ciyar da iyalinsa yana kan dukiyarsa, wakilinsa ya fitar masa da zakka, ba a gadonsa, shi kuwa yana gadon wanda ya rasu yana kwance. Ba a ƙiyasta shi da wanda ya ɓace, wanda Sayyidina Umar ya yanka wa matarsa jiran shekara huɗu, domin wannan an san inda yake an san yana da rai. Amma idan kwanciyar ta tsawaita har ta cutar da matar, tana da damar kai ƙara gaban alƙali ya raba auren.

Game da salla, mazhabar Malik ita ce wanda ya suma ba ya rama abin da lokacinsa ya fita yana sume, kamar yadda Ibnu Umar ya yi a ruwayar Muwaɗɗa, amma yana rama azumi, Hanbaliyya kuma suka ce ya rama sallar ma. Ga mara lafiyan da lalura ta kwantar, ina tafiya a kan sauƙin Malikiyya. Ɗan sama jannatin da ya zaɓi barcin da ƙafarsa kuwa lamarinsa daban ne, domin tafiya zuwa Mars da na'urorin yau tana cin wata shida zuwa tara, wata shida kaɗai salloli 900 ne. Ba na ganin halaccin mutum ya gusar da hankalinsa tsawon haka don sha'awa ko neman suna, in kuma buƙata ta gaskiya ta sa ya yi, abin da na rinjayar shi ne ya rama su gwargwadon ikonsa.

Batun kwafe tunani ba ya buƙatar tsawaitawa. Sai a 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙaramin ƙuda mai ƙwayoyin jijiya kusan 140,000, ta ɗan Adam kuwa tana da wajen biliyan 86. Ko an kai ga kwafewar, abin da za a samu manhaja ce mai kwaikwayon magana da ɗabi'ar mutum, ruhi kuwa "yana daga al'amarin Ubangijina", kamar yadda Suratul Isra'i ta faɗa. Manhajar ba ta gado, ba ta riƙe igiyar aure, ba a karɓar shaidarta da sunan mamacin, kuma idan kwafewar tana buƙatar a lalata ƙwaƙwalwar mai rai, yin ta kisan kai ne ko da shi ya nema.

Allah ne mafi sani.