Filin Tambaya da Amsa: Wace Kyamara Ce Ke Kama Naushi Cikin Dare?

Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton dambe da dare, kyamarata Canon 1300D ce, da gilashin da aka sayar mini da ita tare, 18-55mm. Da rana hotuna na fita tas, amma da dare hannun ɗan dambe sai ya zama kamar hayaƙi. Na tara ɗan kuɗi, wace kyamara zan saya? Mai ɗaukar hoto, Kano.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar sayar da kyamararka tukuna, domin babbar matsalarka tana bakin gilashin nan, wato abin da masu sana'a ke kira lens.

Duba rubutun da ke zagaye da bakinsa, za ka ga 1:3.5-5.6. Wannan lambar ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma a baibai take tafiya: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Duk lokacin da ka jawo hoto zuwa 55mm don ka kusanto da 'yan damben, ƙofar ta tsuke zuwa f/5.6. Da kyamara ta ga haske ya yi kaɗan, sai ta bar labulenta, wato murfin ciki da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, a buɗe ya jima, wataƙila 1/30 na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci hannun da aka naɗe da zare ya tashi daga ƙugu ya isa muƙamuƙi, kuma duk hanyar da ya bi ita ce hayaƙin da kake gani.

Naushi ba ya tsayawa cak sai labule ya ƙifta a 1/500, wani lokaci ma 1/800. Sai mu yi lissafi. Ka ɗauka a fagen da kake aiki, in ka sa 1/500 da f/5.6, kyamara na neman ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haskenta, ya kai 25600 kafin hoto ya yi haske. Taka ba ta kai nan ba, iyakarta 6400, in an matsa mata 12800, kuma a can hoton ya cika da yashi-yashi. Da gilashin f/2.8, haske ya ninka sau huɗu, ISO ya sauko 6400. Da gilashin 50mm f/1.8 kuwa, haske ya ninka kusan sau goma, ISO ya dawo wajen 2500. Babu wata sabuwar kyamara mai araha da za ta ba ka wannan ribar, alhali Canon EF 50mm f/1.8 STM yana cikin gilasai mafi arha da kamfanin ke yi.

Amma ka san da abu biyu. Na farko, wannan gilashin ba ya jawo hoto, ƙafarka ce za ta yi wannan aikin, don haka ka je da wuri ka kama wuri a bakin fage, inda fitila ke bayanka tana haska fuskokin 'yan wasa. Na biyu, in ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, wurin da ke fitowa tar ya ragu ƙwarai. Daga nisan mita biyar, bai wuce kamar santimita 70 ba daga gaba zuwa baya, daga mita uku kuwa kamar santimita 25. Ɗan dambe ya matsa taku ɗaya, sai ka tarar makaɗan da ke baya ne suka fito, shi ya dushe. Maganin wannan: ka tsuke kaɗan zuwa f/2 ko f/2.2, ka mayar da saitin ido zuwa AI Servo domin ya riƙa bin mai motsi, ka zaɓi ɗigon saiti na tsakiya kawai, shi ne mafi gani a cikin ɗigo taran da kyamararka ke da su. Ɗora shi a ƙirjin ɗan wasa ko inda kaya da fata suka haɗu, don kyamara na kama wurin da launi biyu suka bambanta, ba ta kama baƙi wuluk.

Sanya kyamara a M, wato inda kai ne ke saita ta da hannu, ka kafa 1/500 da f/2, ka bar ISO ya zaɓi kansa. Inda 1300D za ta gaza maka shi ne sauri, hoto uku kacal take ɗauka a daƙiƙa. Har ka samu halin canzawa, sai ka koyi karanta ɗan dambe: kafaɗa ke fara faɗa maka naushi na tafe, a nan ake dannawa, ba bayan ya sauka ba.

Malamai, na riga na mallaki 50mm f/1.8. Yanzu gangar kyamarar nake so in canza, ta hannu, mai juriya. Ina ɗaukar kokawa da ƙwallon dare. Wasu na cewa sai mai babban sensa, wasu na cewa sauri ya fi. Mai karatu, Maraɗi.

Duka biyun suna da gaskiyarsu, sai dai a duba nisan da kake tsayawa. Sensa shi ne faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babban sensa, mai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, ya ninka ƙaramin, wato APS-C, fiye da sau biyu a fili. A aikace, abin da ƙaramin ke bayarwa a ISO 3200, babban zai ba da kusan irinsa a 6400. Shi kuma ƙaramin yana kusanto da abin da ke nesa da kamar ɗaya da rabi, gilashin 200mm ya yi maka aikin 300mm, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce a filin ƙwallo.

Ba ka faɗi kamfanin gilashinka ba, shi ne kuma zai yanke rabin hukuncin, don ba a sayen gangar da gilashin mutum ba ya hawa kanta. In Nikon ne, D750 ta 2014 ita muka fi yaba wa don kokawa: babban sensa, ɗigon saiti 51 masu gani a duhu sosai, hoto shida da rabi a daƙiƙa, gidan memori biyu, batir ɗaya kuma na kai hoto dubu da ɗoriya. In ƙwallo ta fi yawa a aikinka, D500 ta 2016 ta fi ta: ƙaramin sensa ne, amma ɗigo 153, hoto goma a daƙiƙa, kuma in ta kama mai gudu ba ta cika saki ba. D7500 na ɗauke da sensa iri ɗaya da D500, hoto takwas a daƙiƙa, gidan memori ɗaya, kuɗinta kuma ƙasa.

In Canon ne, 7D Mark II ita ce ta wasanni, ɗigo 65 da hoto goma a daƙiƙa, sai dai da ka wuce ISO 6400 yashi ya fara yawa. 6D ta farko, ta 2012, hotonta a duhu na da tsabta, ɗigon tsakiyarta na gani sosai, amma sauran goman ba su da ƙarfin bin mai gudu, kuma hoto huɗu da rabi take yi a daƙiƙa. Ta dace da mai ɗaukar walima, ba mai bin ɗan wasan gaba ba. 6D Mark II ta gyara wannan da ɗigo 45.

Marasa madubi irin su Sony a6400 da a7 III suna bin ido da fuska da kansu, abin da ke rage hotunan da ake zubarwa. Ka lura dai batir ɗin a6400 ƙarami ne, wajen hoto ɗari huɗu ya ƙare, ga shi wuta ba kullum ba, sai ka sa kuɗin batir biyu ko uku cikin lissafi. Gilasansu na hannu ma sun fi na tsoffin kyamarori masu madubi, wato DSLR, tsada.

Farashi na tafiya da canjin kuɗi, shi ya sa ba mu ambaci adadi ba. Abin da za mu ce shi ne, duk abin da ke hannunka, kada gangar ta cinye fiye da rabi. Ƙwallon dare na buƙatar 70-200mm f/2.8, kuma na Tamron ko Sigma na hannu suna aiki da kyau a ƙasa da kuɗin na Canon da Nikon. Nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, ka nema masa sanda mai ƙafa ɗaya. In bai samu ba, 85mm f/1.8 ya ishe ka a bayan raga. A ƙwallo kuma 1/500 ba ta cika isa ba, ka nemi 1/1000.

Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton bukukuwan mata, kamu da dina. A wasu ɗakunan taro, hoto ɗaya ya fito da haske, na bayansa ya yi duhu ko ruwan ɗorawa, wani ma da ratsi-ratsi a kwance. Kyamarar ce ta lalace? Mai ɗaukar hoto, Kaduna.

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, lafiyarta ƙalau. Fitilun ɗakin ne ke ƙyafƙyaftawa, ido ne ba ya gani. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dogon ƙwai da yawancin ƙwayayen LED masu arha haskensu na hawa da sauka sau 100 a kowace daƙiƙa. In kin sa 1/500, kin ɗebi kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na zagaye guda: wani hoton ya faɗa a ƙololuwar haske, wani a ƙasansa. Ratsin kuwa ya fi fitowa in kin kunna ɗauka marar ƙara, domin a nan sensa na karanta hoton layi-layi daga sama zuwa ƙasa, fitila na ta canzawa kafin ya gama. Ki kashe ta a irin waɗannan wurare.

In amarya na zaune ko tana tafiya a hankali, ki sa 1/100 ko 1/50, matsalar za ta ɓace don kin ɗauki cikakken zagaye. Kyamarori irin su 7D Mark II, 80D, D500, D7500 da a7 III suna da saitin da ke jiran lokacin da haske ya cika kafin su ƙifta, ki neme shi ki kunna. Sai dai in ɗakin na kan janareta mai hawa da sauka, ko an jera ƙwayaye iri-iri, ba kullum yake ci ba.

Lokacin rawa da liƙi kuwa, filasha ce mafita. Walƙiyarta kan wuce cikin kamar 1/1000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, ita ke tsayar da motsi ba labule ba. Ki sa 1/100, f/2.8, ISO 1600, ki ɗaga kan filashar ya kalli silin in fari ne kuma bai yi nisa ba, haske zai sauko a hankali, kwalliya ba za ta yi ƙyallin maiƙo ba. In an lulluɓe silin da yadi mai launi, kada ki harba can, launin zai dawo kan fuskoki. Ki tuna kuma, in nisa ya ninka biyu, hasken filasha ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ki matsa kusa. Ta Godox mai araha ta isa wannan aiki. Ki riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, gyaran launi daga baya zai zo miki da sauƙi, Canon da Nikon duk suna ba da manhajar buɗe shi kyauta.

Mai shago ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki gilashi mai hana girgiza, wai shi ne maganin dare. Gaskiya ne? Ɗalibi, Zariya.

Rawar hannunka yake gyarawa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Da IS ko VR, wato sunayen da Canon da Nikon ke kiran mai hana girgizar, za ka ɗauki masallaci da dare a 1/15 ya fito tas, amma yaron da ke gudu a gabansa zai dushe. Don hoton motsi, ƙarin kuɗin ya tafi ga ƙofa mai faɗi. Haka batun megafiksel yake: 20 ko 24 sun isa buga babban hoton bango, yawansu ba ya ƙara gani a duhu.

Na sayi Nikon 50mm f/1.8D na ɗora wa D3400, ya ƙi saita kansa. An cuce ni ne? Mai karatu, Sakkwato.

Wataƙila gilashin lafiya yake. Masu harafin D marasa alamar AF-S ba su da injin saiti a cikinsu, suna dogara ne da na gangar kyamara, su kuwa jerin D3000, inda D3400 take, da jerin D5000 ba a sa musu shi ba. Ka mayar ka karɓi AF-S 50mm f/1.8G. A kan D7500 ko D750, na D ɗin zai yi aiki.

Me zan duba in zan sayi kyamara ta hannu? Mai karatu, Damagaram.

Je da memorinka, kuma in da hali da kwamfuta. Fara da adadin ƙiftawar labule. Kamfanonin sun gwada na D750 a kan 150,000, na D500 da 7D Mark II a kan 200,000. Ba wai nan take mutuwa ba, amma wadda ta kusa wannan adadi sai an rage kuɗinta sosai. A Nikon adadin na cikin bayanan kowane hoto, yawancin na Canon kuwa sai an jona da kwamfuta.

Sa f/16, ka ɗauki farin bango, ka faɗaɗa hoton. 'Yan ɗige-ɗige ƙurar hunturu ce, tana gogewa, amma dogon layi na iya zama ƙarzuwa a kan sensa, wannan ka bar musu. Rufe bakin gilashi, ka ɗauki hoto na daƙiƙa goma, ka duba ko jajayen ɗigo sun yi yawa. Cire gilashin, ka haska fitilar waya ta bayansa: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta danshi, tana yaɗuwa. Juya kowane maɓalli, gwada gidajen memori duka, duba bakin batir ko ya yi tsatsa.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Shiga lungun shagon mafi duhu, ka sa wani ya taho wajenka da sauri, ka danne ka ɗauki hoto goma a jere a 1/500. Ƙirga nawa ne idonsa ya fito tar. Ka saurari kuma inda kyamarar ta fara sarƙewa, don in memori ba mai alamar U3 ko V30 ba ne, za ta tsaya tana jiran rubutu daidai lokacin da aka yi kaye.