Abin da ya sa awararki ta yi tauri

'Yata, jiya muna wanke tukwane kika ce da ni: "Inna, kwano ɗaya na jiƙa kamar yadda kike jiƙawa, ruwan tsamin ma a robarki na ɗiba, amma tawa awarar ta fito 'yar kaɗan, ga tauri ga tsami, taki kuwa ta cika ƙyalle tana laushi. A ina na kuskure?" Ban amsa miki a lokacin ba don magariba ta kawo kai, kuma ba amsar da za a bayar a tsaye ba ce. Zauna ki ji.

Na ga inda kika kuskure, don ina kallonki ta wutsiyar ido. Madara na tsakiyar tafasa, wuta na ci bal-bal, kika ɗauki kofi kika juye tsamin gaba ɗaya, sannan kika sa ludayi kina ta juyawa kamar mai dama kunu. Kuskure uku ke nan a cikin minti ɗaya.

Ki fara sanin abin da ke faruwa a cikin tukunyar. Waken suya, wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, wajen kashi 20 kuma mai. Idan aka markaɗa aka tace, su ne suke bin ruwa su mai da shi fari kamar nono. Aikin tsami shi ne ya tattaro su wuri ɗaya su dunƙule. In ya shiga a hankali, sai su haɗu manya-manya kamar gajimare, su riƙe ruwa a jikinsu, kuma wannan ruwan da suka riƙe shi ne aukin awara, shi ne laushinta. In kuwa tsamin ya yi yawa, ko ya faɗa a kan tafasa mai ƙarfi, sai su ƙanƙance su matse kansu, su koma kamar tsakin gero. Ludayinki kuma ya bi ya farfasa ɗan abin da ya fara haɗuwa. Shi ya sa kika ɗaure ƙyalle kika ga rabin abin da kika sa rai.

Kin ce tsamin a robata kika ɗiba. Gaskiya ne, amma ruwan tsami ba ya zama da ƙarfi ɗaya. Ruwan gasarar da ya kwana biyu daban yake da wanda ya kwana biyar, na bazara ya fi na hunturu kaifi, ruwan awarar jiya da muke ajiyewa ya yi tsami shi ma kullum da yadda yake wayar gari. Don haka ba ni da adadin kofin da zan ce miki ki riƙe. Ga yadda nake yi: in madara ta dahu, sai in janye itace, in bar ta ta lafa kamar minti biyar. Sai in bi gefen tukunya ina zuba tsami kaɗan-kaɗan, in tura ludayi sau ɗaya ko biyu a hankali, in tsaya. In rufe, in ba ta minti biyu ko uku. In na buɗe, ruwan nake kallo. In har yanzu fari ne kamar an wanke kwanon nono, akwai sauran awara a cikinsa, sai in ƙara ɗan tsami a daidai wurin da farin yake. In ya washe ya yi garau da ɗan launin ɗorawa, to an gama, ko ɗigo ba na ƙarawa. Ki riƙa ɗanɗana wannan ruwan ma. In ya kama miki harshe, kin wuce gona da iri.

Amma kada ki ɗauka duk awarar da ta ƙi auki laifin tsami ne. Sau da yawa tun daga kasuwa ake asara. In kin je sayen wake, ko a Dawanau ne ko a wurin mai awo na unguwa, ki damƙi hannu guda ki duba. Ki nemi mai cikar ƙwaya, mai haske, wanda ba shi da yawan kore ko motsattse ko baƙin tabo. Ki ciji ɗaya: in ya fashe ƙas, ya bushe da kyau, in ya lotsa a haƙori, akwai danshi, kuma ruwa za ki saya da kuɗinki. Ki sunsuna, in kin ji warin fumfuna ki ajiye ko nawa aka rage miki. Sabon wake yana shigowa ne bayan girbi, wajen Oktoba da Nuwamba, kuma ya fi ba da madara. Wanda ya shekara a rumbu cikin zafi, ko ya yi kyau a ido, ba ya sakin madararsa kamar sabo. In damina ta yi nisa kika ga auki ya ragu, ki tuna da wannan kafin ki zargi hannunki.

Jiƙo ma yana bin yanayi. Da zafi awa huɗu zuwa shida sun isa, da sanyi sai ya kusa kwana. Ki ɓare ƙwaya ɗaya biyu ki duba cikinta: in akwai ɗan rami a tsakiya, bai jiƙu ba, in ya shafe sumul, ya yi. Wanda ya wuce lokaci har ruwansa ya fara kumfa ya riga ya ɗauki tsami, kuma madararsa tana iya tsinkewa a tukunya tun ba ki zuba komai ba. Haka in kin kai markaɗe, ki tsaya a ɗauraye injin a gabanki, don ba ki san ko gero mai tsami ko tumatir aka gama niƙawa ba. Kina dawowa ki tace. Ƙullun waken suya ba ya jiran a gama hira.

Akwai abu ɗaya da ba na yi wa kowa sassauci a kai, shi ne dahuwar madara. Tana yin kumfa ta taso tun kafin ta tafasa da gaske, mai gaggawa sai ta ɗauka ta dahu. Ɗan manjan da muke ɗigawa don kwantar da kumfar nan ne. Ki bar ta ta yi tafasa ta sosai, aƙalla minti goma, kina tsaye a kanta kada ta zube ko ta kama. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, wuta ce ke kashe shi. Madarar da ba ta dahu ba tana kawo kumburin ciki da gudawa, ga gafi a baki. Masu sayen awararmu yawancinsu 'yan makaranta ne da iyayen da nama ya fi ƙarfin aljihunsu. Amana ce. Haka in za ki yi wa wata garin kunun yara, ki soya waken ya soyu kafin a niƙa.

Kin taɓa tambayata dalilin da ba na amfani da alif kamar wasu. Yana kama awara da sauri, ba musu, amma yana barin bauri a harshe, ni kuwa na fi son abin da na san daga hatsi ya fito. Kowace ƙasa da abin da take haɗa tata. Mutanen Sin, waɗanda a wurinsu abincin nan ya samo asali tun ɗaruruwan shekaru, da garin wani farin dutse suke yi. A Japan kuma da ruwan ɗacin da ke saura in an fitar da gishiri daga ruwan teku. Mu nan bai daɗe ba: Tibi na Binuwai sun riga mu noman waken, sai a shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Tsamin gasara, tsamiya da lemon tsami su ne abin da ke hannunmu, kuma sun wadatar.

Sauran aikin ba wuya. Ki kwashe da zafinta, ki zuba attaruhu da albasa da gishiri, ki ɗaure. In ta huce kafin a danne, ba za ta haɗe jiki ɗaya ba, wurin yanka sai ta riƙa marmashewa. Ki fara da dutse marar nauyi, bayan ɗan lokaci ki ƙara babba. Mai suya ya yi zafi sosai kafin ki jefa, kada ki cika kasko, kada ki juya sai gefen ya yi ja ya saki da kansa. Mai mai sanyi shiga cikin awara yake yi, ki ƙare da asarar mai da abinci mai gundura. In man ya yi baƙi ya fara kumfa, ki rabu da shi. Ɗanyar da ta rage ki sa ta cikin ruwa mai tsabta da ɗan gishiri a wuri mai sanyi, amma da kin ji yauƙi a jikinta ko wari, ta tashi daga abincin mutum. Dusar kuma kada ki zubar, masu kiwon raguna suna saye, kuɗin itacenki yana ciki.

Gobe ke za ki riƙe tukunya tun daga jiƙo har suya, ni ba zan taɓa ludayi ba. Ki jiƙa kwano ɗaya bayan sallar asuba. In lokacin tsami ya yi, ki zuba rabin abin da kika zuba jiya, ki rufe, sannan ki kira ni mu buɗe tare mu duba ruwan.