T ɗaya ko biyu, da batun gaisuwa a takardar neman aiki

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wanda ya duba maka takardar neman aiki ya ja jan layi ƙarƙashin "writting", ya kuma soke gaisuwar da ka buɗe da ita, har kana tambaya ko al'adar Turawa ce a faɗa wa mutum magana ba sallama.

Bari mu fara da kalmar. "Writing" ake rubutawa, t ɗaya tak. Tushenta "write", an cire e ɗin ƙarshe an liƙa ing, kamar yadda "make" ke komawa "making". Abin da ke ruɗa ku shi ne 'yar'uwarta "written", mai t biyu. Kunnen Bahaushe kuma ya saba da cewa in an ninka baƙi sai an ji shi a baki: baba daban, babba daban. Bature ba haka yake yi ba. Shi ninka baƙin alama ce kawai cewa wasalin da ya zo kafinsa gajere ne. Ka faɗe su da ƙarfi ka ji, raitin da ritin. Na farkon ya ja, na biyun ya tsuke, shi ya sa ya samu t biyu. Haka "hoping", sa rai, da "hopping", tsalle-tsalle. Na taɓa karɓar wasiƙar wani ɗalibina da ya rubuta yana "hopping" zan amsa masa. Na ce to, Allah ya sa kada ya karye kafin amsar ta iso.

A cikin jimla kuwa, "I am writing to apply" za ka ce in yanzu kake rubutun. In makon jiya ne, "I wrote". In ka sa "have", sai "I have written". Kada in sake jin "I have wrote" daga bakinka.

Gaisuwa kuma, ba rashin tarbiyya ba ne. Mu a wasiƙarmu sai an ce bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, a tambayi iyali da gajiya, sannan a ce dalilin rubuto wannan takarda. Wannan ka riƙe shi ga ni da iyayenka. Amma takardar ofis ɗari ce a kan tebur ɗaya, mai karantawa so yake ya ga buƙatarka a layin farko. Sallamarsu ita ce "Dear Sir" ko "Dear Madam", ka rufe da "Yours faithfully". In ka ambaci sunan mutumin a sama, sai "Yours sincerely". Kuma ba a sa wa "Yours" waƙafin sama, ko da ka gani a takardun manya.

Ka sake rubuta ta, ka ɗauko min hotonta a waya kafin ka kai. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi.