Rautata ta ƙi gaisawa da maƙwabciyarta

Tambaya: Malam barka da aiki, ina koyon OSPF, tsarin da rautoci (router, na'urar tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwa) ke bi su sanar da juna hanyoyi, na sa area 1 stub (umarnin hana hanyoyin waje shiga yanki na 1) a rauta guda sai ta daina ganin maƙwabciyarta, mi ya faru? Ɗalibi daga Argungu.

Amsa: Ɗan'uwa ai guda ka yi ma shi ya sa, duk rautocin yankin sai ka rubuta musu area 1 stub, in ba haka ba saƙon Hello ɗinsu, wanda suke gane juna da shi, bai daidaita, ko kwana ka yi gaban kwamfuta ba su gaisawa. Da ka gyara, rautar da ke bakin iyakar yankin za ta tare sanarwar hanya (LSA) nau'i na 5, hanyoyin waje kenan, ta ba su ƙofa ɗaya tak ta fita. Area 0 dai, yankin tsakiya da ke haɗa sauran, bar ta, ba ta zama stub.