Na sabunta QGIS, sai ta koma tafiyar hawainiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Aikin safiyo nake yi, kuma da QGIS nake zana taswirar filaye. Na daɗe a kan zubinta na 3.28 lafiya lau. Makon jiya na koma 3.34, tun daga ranar manhajar ta yi nauyi: buɗe ta kaɗai sai na jira mintuna, in na ja taswira gefe kuma sai allo ya yi fari kafin ta dawo. Aikin nawa yana da shimfiɗa kusan 40, wato rukunonin bayanai da ake jerawa bisa juna su haɗa taswira, har da hoton sama da jirgi marar matuƙi ya ɗauka. Kwamfutar ce ta gaza in nemi wata, ko in koma tsohuwar manhajar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Kwamfutar da ta ɗauki 3.28 ba gardama ba za ta tsufa cikin mako guda ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta kai a ce sai da sabuwar na'ura ba. Abin da na fi gani shi ne sabuwar manhaja ta gaji kayan tsohuwa, kayan kuma su ne ke danne ta.

Ga dalili. Duk jerin QGIS 3, tun daga 3.0 da ta fito a 2018, wuri ɗaya suke ajiye saitin mai amfani. A Windows, folda ce a cikin AppData\Roaming\QGIS\QGIS3\profiles. A nan ne ƙananan manhajojin ƙari da ka sauke suke, da adireshin duk sabar (kwamfutar nesa mai ba da bayanai) da ka taɓa haɗawa, da alamominka, da kowane saiti da ka taɓa tun shekarun baya ka manta. Sabuntawa ba ta share wannan folda. Ko ka cire manhajar ka sake sa ta, tana nan daram. Shi ya sa mutum zai sake sawa har sau uku, ya ce babu abin da ya canza.

Don haka gwajin farko bai wuce minti biyu ba. Shiga Settings, ka zaɓi User Profiles, ka buɗe sabon furofayil, wato sabuwar ma'ajiyar saitin mai amfani. Wata taga za ta fito fes, babu ƙari ko ɗaya daga cikin waɗanda ka sauke. Buɗe aikinka a ciki. Tsohon furofayil ɗinka ba abin da zai same shi. In ka ga ta sake jiki tana gudu, to ka kama ɓarawonka, saura ka san sunansa: koma tsohon, ka kashe ƙarin gaba ɗaya, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana sake buɗe manhajar. Da Python, wani yaren rubuta manhaja, ake rubuta yawancinsu, kuma mutane daban-daban ne ke kula da su, wani ya bi sabon zubi, wani ya yi shekaru bai waiwayi nasa ba. Waɗanda na fi zargi su ne masu leƙa intanet da zarar an buɗe manhaja, da masu yin wani lissafi duk lokacin da taswira ta motsa.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri, kuma ina mamakin yadda mutane da yawa ba su san ta ba. Danna F12. Wani fanni zai buɗe a gefe, a cikinsa akwai Profiler, wato ma'aunin lokaci. Yana nuna daƙiƙa nawa kowane abu ya ci wajen tashin manhaja, da wajen buɗe aiki, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Na taɓa zama da wani abokin aiki da ya haƙiƙance hoton samansa ne ke kashe masa kwamfuta. Muka duba jerin tare: hoton bai kai daƙiƙa biyu ba. Wani ɗan tebur ne da ke nuni zuwa foldar ofis da aka daɗe da rufewa, manhajar tana ta ƙwanƙwasa ƙofa tana jiran amsa har lokacin jira ya ƙare. Muka cire shi, aikin ya buɗe kafin ya gama gyara zama.

Wannan ya kawo mu kan bambancin da nake so ka riƙe, domin nauyi iri biyu ka ambata, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba ne. Jinkirin buɗewa daban, farin allo wajen jan taswira daban.

Na buɗewa, ban da ƙarin da muka faɗa, yawanci jira ne ba aiki ba. Buɗe Task Manager, tagar Windows da ke nuna abin da kwamfuta ke yi, lokacin da manhajar take tsaye. In furosesa na hutawa amma manhajar ta daskare, wani abu take jira daga waje: sabar taswira da ba ta amsawa, ko faifan ofis da ba a haɗe yake ba. Fannin Browser na cikin QGIS ma yana leƙa faifai da foldoji don ya nuna maka abin da ke ciki, kuma idan akwai na nesa a cikinsu yakan ja lokaci. Rufe shi ka gwada. Haka manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta: sabuntawa ta zuba dubban sababbin fayiloli, ita kuma sai ta bincike su, don haka buɗewar farko da ta biyu ba abin auna komai ba ne. In kuma aikin naka yana cikin foldar da ke aika kwafi zuwa intanet kai tsaye, irin OneDrive, kwafe shi zuwa faifan kwamfutar ka sake gwadawa.

Na jan taswira kuwa, a nan zan fi daɗewa, don a nan ake yawan ɓarnar kuɗi. QGIS da furosesa take zana taswirar da aka saba (2D), ba da katin hoto (graphics card) ba. Katin sai wajen kallon 3D yake da tasiri sosai. Wanda ya sayi kati mai tsada don wannan matsala bai magance komai ba. A ArcGIS Pro, wata manhajar taswira ta daban, lamarin ya bambanta, can katin da direbansa suna da ruwa da tsaki. Kai dai kashe duk shimfiɗun, ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya kana jan taswira, za ka ji inda ta fara cijewa.

In hoton jirgin ne, duba ko yana da dala, wato ƙananan kwafinsa da ake ajiyewa mataki-mataki. Idan babu su, duk sanda ka ja baya don ganin fili gaba ɗaya, sai manhajar ta karanta hoton dukkansa kafin ta rage shi ya shiga allo. A kan gina su daga bayanan shimfiɗar, sashen Pyramids, kuma sukan zauna a fayil mai ƙarewa da .ovr kusa da hoton. Mutane kan kwashe aiki zuwa sabuwar folda ranar sabuntawa, su ɗauki hoton su bar wannan fayil a baya, sannan su ɗora wa manhaja laifi. Haka yake ga shapefile, wani nau'in fayil na ajiye zanen filaye: fihirisarsa ta wuri, mai nuna inda kowane fili yake, tana cikin fayil .qix, in babu ita sai an bi filayen kaf kafin a gano waɗanda suka faɗo cikin allo. Ni dai shawarata ka mayar da manyan shimfiɗunka nau'in fayil da ake kira GeoPackage, fayil ɗaya ne kuma fihirisar tana cikinsa, ba ta ɓacewa a hanya.

Sai rubutun kan taswira. Sanya lambar kowane fili ba tare da wata ta hau wata ba lissafi ne mai nauyi. Saita shi kada ya bayyana sai an matso kusa. Sannan ka leƙa saitin Rendering ka tabbatar ba a taƙaita yawan sassan furosesa da ake zana taswira da su ba. Ka kuma duba ko shimfiɗunka tsarin ma'aunin wuri ɗaya suke da aikin. Idan sun saɓa, kowane ɗigo sai an juya lissafinsa a duk motsi.

Roƙona ɗaya: abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka auna, ka rubuta. In ka taɓa biyar a tare ta warke, ba za ka san maganin ba ranar da ciwon ya dawo.

Komawa 3.28 kuwa ba laifi ba ne idan aiki ya matse ka. A Windows ana iya ajiye biyun a kwamfuta ɗaya. Sai dai ka yi kwafin fayil ɗin aikin tukuna, domin abin da aka adana da sabuwa ba duka tsohuwa ke ganewa ba. Kuma zaman su tare shi ne gwaji mafi adalci: aiki ɗaya, sabon furofayil, kwamfuta ɗaya. In a haka tsohuwar ta yi gudu sabuwar ta cije, to matsalar a manhajar take, kuma ta cancanci a kai rahotonta ga masu gina ta a shafin intanet na GitHub, tare da ɗan samfurin bayanan da ke jawo ta da alƙaluman da ka gani a F12. Ka turo mini alƙaluman nan ma, da sunan shimfiɗar da ta fi cin lokaci, mu duba tare.