Taron Jin Ra'ayi Kan Asibitin Unguwa: In Je Ko In Zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mai unguwarmu ya sa an yi shela za a yi taron jin ra'ayin jama'a kan asibitin sha-ka-tafi namu. Da dare ba ungozoma, in naƙuda ta tashi sai neman Keke Napep zuwa cikin gari. Maigidana ya ce ɓata lokaci ne, an riga an gama magana a ofis. In je?
Wata uwa daga Rigasa.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki je, ki ja maƙwabtanki mata, don yawanci maza ke cika irin wannan zama, alhali ku ke zuwa awo da rigakafi. Maigida bai yi ƙarya duka ba, amma a lallaɓa shi ya bar ki.

Jihar Kaduna na da gundumomi (wato mazaɓun kansiloli) 255, kuma manufar gwamnati ita ce kowacce ta samu cibiyar lafiya ɗaya mai aiki sosai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware asusu don irin waɗannan cibiyoyi. To ki tambaya: tamu tana samun kuɗin? Ungozoma nawa ke kwana? Su waye 'yan kwamitin gunduma masu sa ido kan asibitin?

Kada ki tsaya kan "a taimaka mana". Ki sa a rubuta buƙatarku, ku riƙe kwafi.